Kada da Mutane a Zamanin Mulkin Mallaka: Abin da Ya Faru a Bakin Kogi da Abin da Aka Rubuta

Shin gaskiya ne cewa kadoji sun riƙa cinye mutane babu adadi a kogunan Afirka har sai da Bature ya iso da bindigarsa ya kawo sauƙi, ko kuwa gaskiyar tana wurin masu cewa kakanninmu sun zauna lafiya da kada, zuwan Turawa ne ya ɓata tsakaninsu? Wannan muhawara takan farfaɗo duk lokacin da damina ta yi nisa, koguna suka cika suka batse. A watan Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, hukumar gidan namun dajin birnin ta gargaɗi jama'a cewa ambaliyar ta kwashi kadoji da macizai ta shiga da su unguwanni, kuma a irin wannan lokaci ne tsoffin labarai na zamanin Turawa sukan sake yawo a wayoyin mutane, kowa yana ɗaukar wanda ya dace da ra'ayinsa. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma dukansu sukan tsallake tambayar da ta fi muhimmanci, wato wa ya rubuta waɗannan labarai, don wa ya rubuta su, kuma me ya bari bai rubuta ba.

Me ake nufi da hare-haren farko?

Babu wata shekara da za a nuna a ce daga nan kada ya fara kama mutane, domin tun da ɗan Adam ya fara zuwa bakin ruwa yake tarar da shi a can. A kwazazzabon Olduvai na ƙasar Tanzaniya masana sun tono ƙasusuwan mutanen dā masu daɗewar gaske ɗauke da shatin haƙoran kada. Saboda haka idan aka ce hare-haren farko na zamanin mulkin mallaka, abin da ake nufi shi ne hare-haren da aka fara rubutawa da kwanan wata da sunan wuri a cikin takardun Turawa, daga farkon ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20.

Takardun nan iri uku ne. Akwai littattafan tafiye-tafiye na masu share fagen mamaya da mafarauta, waɗanda aka rubuta don a sayar wa masu karatu a Ingila da Jamus da Faransa, mutanen da ba su taɓa ganin kada ba kuma suke ƙishirwar abin al'ajabi. Akwai rahotannin Di'o-Di'o da jami'an kula da namun daji da asibitocin mishan, waɗanda suka fi natsuwa amma ba sa ɗaukar komai sai abin da ya iso ofis. Akwai kuma jaridun Turawan da suka zauna a yankunan mallaka. Abin da ya haɗa su duka shi ne rashin daidaito wajen ƙima: idan kada ya kama Bature, za a rubuta sunansa da muƙaminsa da ranar da abin ya faru, har da abin da ya kai shi kogi, amma idan ɗan ƙasa ne sai a ce "wata mata" ko "wasu yara", ko kuma a tattara su cikin jimla guda a ƙarshen rahoton shekara. Tun da kusan dukan waɗanda kada ya kama 'yan ƙasa ne, wannan yana nufin cewa mafi yawan tarihin ya salwanta tun kafin a fara rubuta shi. Masana irin su Simon Pooley, wanda ya daɗe yana bin diddigin dangantakar mutane da kadojin Afirka, da masu tattara CrocBITE, rumbun bayanan hare-haren kada da aka buɗe a Ostireliya a 2013, da irin waɗannan guntattakin shaidu suka yi aiki.

Abin da ya faru a mashigin kogi a 1805

Ɗaya daga cikin labaran da suka fi cika da bayani ya faru ne a yammacin Afirka, a yankin da yake cikin ƙasar Mali a yau, lokacin tafiya ta biyu ta Mungo Park, Baturen Birtaniya mai binciken ƙasa, zuwa Kogin Kwara. A farkon watan Yulin 1805 ayarinsa ya iso wani kogi da ke kan hanyarsu, aka haye da kaya a kwale-kwale, ya rage jakuna. Jagoran ayarin, wani fatake mai ilimi da Park ya rubuta sunansa Isaaco, ya kora wasu jakunan zuwa inda ruwan bai cika zurfi ba don ya ƙetarar da su. Yana tsakiyar kogin sai kada ya taso kusa da shi, ya cafke shi a cinyar hagu, ya nutse da shi. A ƙarƙashin ruwa mutumin ya lalubi kan dabbar ya tsokane mata ido da yatsa, ta sake shi, ya yunƙura zai kai gaci yana kiran a miƙo masa wuƙa. Kadan ya dawo ya kama ɗaya cinyar ya sake jan sa ƙasa, shi kuma ya sake cusa yatsunsa a idanunsa da ƙarfin da ya fi na farko, har ya rabu da shi ya yi ta birgima a saman ruwa kafin ya bi tsakiyar kogi ya tafi. Isaaco ya fito jina-jina, da manyan raunuka a cinyoyinsa da shatin haƙora a bayansa, Park ya haɗa bakin raunukan ya ɗaure, ayarin kuma ya dakata kwanaki a wani ƙauye har ya ɗan murmure.

Akwai abubuwa biyu a cikin wannan labari da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, wanda ya shiga ruwa har wuya ɗan ƙasa ne, kuma haka tsarin ya ci gaba har ƙarshen mulkin mallaka: Bature yana cikin kwale-kwale ko a kan wuyan 'yan dako, masu kora dabbobi da masu ɗaukar kaya su ne a bakin kada. Na biyu, cikin Turawa kimanin arba'in da suka taso da Park daga Gambiya, goma sha ɗaya kawai suka isa Kogin Kwara a watan Agusta, kuma zazzaɓi da atini ne suka kashe mafi yawansu. Sai dai zazzaɓi ba ya daɗin ba da labari, don haka kada ne ya fi zama a zukatan masu karatu. Shi wannan Isaaco ɗin ne aka sake aikawa a 1810 ya binciko makomar Park, kuma ta hannunsa ne aka samu labarin yadda ya halaka a Busa, wadda take cikin Nijeriya a yau. Da kadan ya yi nasara a wannan rana, da wataƙila an daɗe ba a san ƙarshen tafiyar ba.

Bayan shekara hamsin, Baturen mishan David Livingstone ya rubuta cewa a Sesheke da wasu garuruwan bakin Kogin Zambezi kadoji sukan ɗauke yara da dama a kowace shekara, musamman idan sun je ɗibar ruwa suka tsaya wasa a gaɓa. Samuel Baker, wanda ya jagoranci rundunar sarkin Masar zuwa Gondokoro kusa da Juba tsakanin 1870 da 1873, ya ba da labarin mutanensa da kadoji suka kama ko suka raunata, da kayan ado na mata da aka tarar a cikin wani kada da aka farke. Irin wannan shaida ta munduwa da tsakiya a cikin kada ta yi ta maimaituwa a littattafan mafarauta, kuma ana ɗaukar ta a matsayin hujjar kisa, alhali kada yana cin gawa kamar yadda yake cin abin da ya kama da kansa. A zamanin da yaƙe-yaƙe da farautar bayi da annoba suke zubar da gawawwaki a koguna, munduwa a cikin kada tana nuna abin da ya haɗiya ne kawai, ba ta faɗin wanda ya yi kisan.

Wane kada ake magana a kai?

Kuskuren da ya fi rikita wannan muhawara shi ne ɗaukar kadoji a matsayin abu guda. Nau'i biyu ne suka fi kashe mutane a duniya. Akwai kadan Nilu na gabashi da kudancin Afirka, wanda babban namijinsa yakan kai mita biyar, kuma yana farautar manyan dabbobi kamar jakin dawa da ɓauna idan sun zo shan ruwa. Akwai kadan ruwan gishiri na kudu maso gabashin Asiya da arewacin Ostireliya, wanda ya fi kowa girma. Wanda aka kama da rai a Filifin a 2011 aka sa masa suna Lolong ya kai mita 6.17.

Kadan da aka fi sani a yammacin Afirka kuwa wani nau'i ne dabam. Tun a 1807 wani masani Bafaranshe, Geoffroy Saint-Hilaire, ya ce akwai wani kada a Afirka wanda ya fi ƙanƙanta kuma ya fi sanyin hali, amma aka yi watsi da maganarsa kusan shekara ɗari biyu, sai a 2011 binciken ƙwayoyin halitta da Evon Hekkala da abokan aikinta suka yi ya tabbatar da ita. Binciken ya nuna har kadojin da Misirawan dā suka shafe da magani suka adana wannan nau'in ne. Shi ne ake samu a kogunan Nijeriya da Nijar da Gana, har da kududdufan duwatsu na Ennedi a Cadi da na Tagant a Muritaniya, inda ya saura tun zamanin da Sahara take da dausayi. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mafi munin labaran zamanin mallaka suka fito daga Yuganda da Tanganyika da Zambezi da Sudan, ba daga Kogin Kaduna ko Gulbin Kabi ba, duk da cewa kogunan nan ma sun yi suna da yawan kadoji a lokacin. Sanyin hali dai ba ya nufin rashin haɗari, kuma cinyoyin Isaaco sun isa shaida.

Ko wane nau'i ne, hanyar farautarsa ɗaya ce. Kada yana kwanto ne a inda ruwa ya haɗu da tudu, yana lura da wurin da ake yawan zuwa a lokaci guda, mashaya ko wurin wanki ko mashigi, ya nutse ya matso ba tare da ruwa ya motsa ba. Ya fi kuzari lokacin zafi, macen kuma takan tsananta faɗa a watanni ukun da take gadin ƙwanta a cikin yashi da kuma bayan ƙyanƙyasa.

Abin da mutanen bakin ruwa suka riga suka sani

Masu cewa Bature ne ya ceci mutane daga kada sun manta cewa al'ummomin bakin ruwa suna da tsarinsu tun kafin ya zo. A wurare da dama akan kafa shingen itatuwa a cikin ruwa a daidai inda mata suke ɗiba, a wasu wuraren kuma akan ɗaura ƙwarya a kan doguwar sanda don a ɗebi ruwa daga nesa. Akwai dangogin masunta da suka gaji farautar kada da dorina da mashin da ake kira zago, akwai masu tonon ƙwai a kan yashi lokacin rani, wanda hakan yake rage yawan kadojin da ke kusa da gari. A ƙasar Kabi har yau Sarkin Ruwa ne yake da alhakin tabbatar da cewa kogin Matan Fada ya zama lafiya daga kadoji kafin dubban masunta su faɗa ciki da homa da gora a bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Ko mutum ya yarda da asirin da ake jinginawa ga sarautar ko bai yarda ba, abin lura shi ne akwai wanda al'umma ta ɗora wa sanin halin ruwa, kuma ba a shiga sai da izininsa.

A wasu wuraren dangantakar ta wuce kariya ta kai ga girmamawa. A Paga da ke arewacin Gana da Bazoulé kusa da Wagadugu, mutane suna zaune da kadoji a tafki guda, ba sa kashe su, suna ba su kaji. A Tafkin Biktoriya, tsakanin Kampala da Entebbe, an yi wani tsohon kada mai suna Lutembe wanda yakan fito gaɓa idan an kira shi a ba shi kifi, har ya zama abin kallon Turawa masu yawon buɗe ido a shekarun 1920 da 1930. Livingstone kuma ya lura cewa a cikin Bakwena na ƙasar Botswana ta yau, waɗanda kada ne tambarin ƙabilarsu, wanda kada ya ciza yakan fuskanci ƙyama har a kore shi daga cikin jama'a. Mutumin da ya san haka za ta same shi ba zai je ya kai rahoto ofishin kowa ba, wanda hakan wani dalili ne na giɓin da ke cikin alƙaluman.

Sai dai masu cewa an zauna lafiya ƙalau su ma sun wuce gona da iri. Yawan tsare-tsaren kariya da kansa shaida ne cewa haɗarin na gaske ne. Kuma a al'ummomi da yawa ba a ɗaukar kamun kada a matsayin tsautsayi, akan ce wani ne ya turo shi ko ya rikiɗe, sai zargin maita ya biyo baya, wani lokaci ya ci ran wanda bai ji ba bai gani ba. A Saliyo gwamnatin Birtaniya ta fara kafa dokoki tun 1895 kan ƙungiyoyin asiri da ake zargi da kashe mutane cikin shigar damisa, daga baya aka haɗa da masu shigar kada, aka kuma kafa kotu ta musamman a 1912 da 1913 wadda ta yanke wa wasu hukuncin rataya. A irin wannan yanayi, gawar da aka tsamo daga kogi tana iya shiga takarda a matsayin aikin dabba, ko aikin matsafa, ko kuma ta zama makamin da wani basarake zai kayar da abokin hamayyarsa a gaban joji.

Yadda mulkin mallaka ya sauya zaman bakin ruwa

A nan ne, a ganina, masu zargin Turawa suke da hujja mafi ƙarfi, ko da yake ba ta hanyar da suka saba kawo ta ba. Bature bai sauya halin kada ba, amma ya sauya wanda yake zuwa bakin ruwa, da lokacin zuwansa, da abin da yake kai shi. Aikin tilas da dakon kayan gwamnati sun tura dubban mutane ƙetare kogunan da ba su sani ba, a lokacin da jami'i ya ga dama, ko da masu gari sun ce ba a shiga. Neman kuɗin haraji ya kai baƙi sana'ar su a tafkunan da ba su gaji iliminsu ba.

Tafkin Biktoriya ya nuna wannan a fili. Daga wajen 1900 annobar ciwon barci ta kashe mutane fiye da dubu ɗari biyu a yankunan Yuganda da ke bakin tafkin. Gwamna Hesketh Bell ya ba da umarnin kwashe jama'a daga gaɓar tafkin, daga baya aka kwashe na tsibiran Ssese, kuma ba a bar su sun fara komawa ba sai bayan kimanin shekara goma. A tsawon wannan lokaci babu mai tonon ƙwai, babu mai gyara shingen mashaya, gonaki sun koma daji, kuma waɗanda suka dawo sun haɗa da matasan da suka tashi nesa da ruwa. A daidai lokacin ne kuma shahararren likitan Jamus Robert Koch, wanda ya yi aiki a tsibiran a 1906 da 1907, ya gano cewa ƙudan tsando mai yaɗa cutar yana shan jinin kada, ya ba da shawarar a rage kadojin don a hana ƙudan abinci. Nan take kada ya samu sabon laifi a idon hukuma, bayan na cin mutane.

Laifi na uku, wanda ya fi sauran tasiri, na kuɗi ne. Tun wajen 1905 aka shigo da ragar zare ta Turai tafkin, kamun karfasa ya zama babbar sana'a mai kawo wa gwamnati kuɗin shiga. Ragar da aka shimfiɗa ta kwana a ruwa cike da kifi tana jawo kada, shi kuma ya yayyaga ta, masunci ya shiga ruwa don ya ceci jarinsa, a nan su yi kiciɓis. Wanda ya karanta tarihin yaƙin da hukumar Yuganda ta yi da kadoji a zamanin Charles Pitman, wanda ya shugabanci sashen namun daji daga 1925 zuwa 1950, zai ga cewa asarar raga da kifi tana da babban matsayi a cikin dalilan da ake bayarwa, kafaɗa da kafaɗa da asarar rayuka.

Ƙarin gishiri: labarin tsibirin Ramree

Babu labarin da ya nuna yadda alƙalami yake hura wa kada girma kamar na Ramree, wani tsibiri a gaɓar Arakan ta ƙasar Bama, wadda take ƙarƙashin Birtaniya kafin Japan ta mamaye ta. A watannin Janairu da Fabrairun 1945 sojojin Birtaniya da na Indiya suka ƙwace tsibirin, sojojin Japan kusan dubu suka ƙi miƙa wuya suka kutsa cikin fadamar ruwan gishiri mai nisan kimanin kilomita 16. A 1962 wani masanin dabbobi mai suna Bruce Wright ya wallafa cewa a daren 19 ga Fabrairu kadoji sun far musu, kuma kimanin ashirin kawai aka samu da rai. Kundin bajinta na Guinness ya ɗauki labarin a matsayin ta'adi mafi girma da kadoji suka taɓa yi wa mutane, daga nan ya zagaye duniya.

Da masana tarihi da na dabbobi suka koma kan bayanan soja suka kuma tattauna da dattawan tsibirin, sai hoton ya sauya. Kusan rabin sojojin sun tsallaka sun tsira, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu harsashi ne da nutsewa da ƙishirwa da cuta suka kashe su. Binciken da Steven Platt ya jagoranta ya nuna cewa waɗanda za a iya jingina wa kadoji ba su wuce goma zuwa goma sha biyar ba. Hankali ma bai ɗauki labarin farko ba, domin kada dabba ce mai jinkirin narkar da abinci wadda babban kamu guda yakan ishe ta kwanaki masu yawa, kuma fadamar ba za ta iya ciyar da yawan kadojin da za su yi wannan aiki a dare ɗaya ba. Abin lura a gefe shi ne, a daidai waɗannan watanni sojojin yammacin Afirka, cikinsu da Hausawa masu yawa, suna fafatawa a dazuzzuka da kogunan Arakan ɗin nan, a yaƙin da tsofaffinmu suke kira Yaƙin Bama.

Daga kisan kan mai uwa da wabi zuwa kariya

Ƙiyayyar da manyan Turawa suke yi wa kada ba ɓoyayya ba ce. Winston Churchill, lokacin yana ƙaramin ministan yankunan mallaka, ya ziyarci magangarar ruwa ta Murchison da ke Yuganda a 1907, ya kuma bayyana da kansa cewa yana ƙin dabbar nan kuma yana sha'awar kashe ta. Gwamnatoci da dama a gabashi da kudancin Afirka sun sa kada cikin jerin dabbobin ɓarna da kowa yake da izinin kashewa, aka riƙa biyan lada kan ƙwai da kan gawa, aka harbe matan kadoji a kan sheƙarsu, wani lokaci aka sa guba. Amma abin da ya kusa ƙarar da kadoji shi ne kasuwar fata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jakunkuna da takalman fatar kada suka yi tsada a Turai da Amurka, mafarauta suka koyi bin koguna da dare da fitila mai ƙarfi suna harbin idon da ya yi ƙyalli.

Masanin dabbobi Hugh Cott, wanda ya binciki cikin ɗaruruwan kadoji a Yuganda da Rodeshiya ta Arewa (Zambiya ta yau) ya wallafa sakamakon a 1961, ya nuna cewa ƙananan kadoji ƙwari da ƙaguwa da kwaɗi suke ci, kuma kifin da manya suke ci ya haɗa da irin su tarwaɗa masu cin ƙwai da 'ya'yan kifin kasuwa. Wato hujjar da aka kafa ta kare kifi ba ta da ƙarfin da aka zata. A lokacin da aka gane haka, kadoji sun riga sun ɓace daga koguna masu yawa. Yankin Arewacin Ostireliya ya hana farautar kadan ruwan gishiri a 1971, yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin fata tsakanin ƙasashe daga 1975, Nijeriya kuma ta kafa dokarta ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985.

Me wannan yake nufi ga mazauna bakin ruwa a yau?

A inda kariya ta yi aiki, kadoji sun dawo, kuma sun tarar da mutane sun ninka a bakin ruwa. A Arewacin Ostireliya sun tashi daga 'yan dubbai zuwa kimanin dubu ɗari, amma saboda akwai ruwan famfo da allunan gargaɗi da ma'aikatan da suke kwashe kadojin da suka matso gari, waɗanda suke mutuwa kaɗan ne ƙwarai. A gabashi da kudancin Afirka lamarin ya sha bamban. Madatsar Kariba ta kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe da aka kammala a 1959, wadda ta raba 'yan ƙabilar Tonga kimanin 57,000 da gidajensu a kwarin Zambezi, ta samar da tafki mai faɗi da ya zama mazaunin kadoji, kuma masuntan da suke kamun kifi a cikinsa da ƙananan kwale-kwale suna cikin waɗanda suka fi fuskantar hari har yau.

Gadon da ya fi cutar da talaka shi ne na rashin rubutawa. Har yanzu a ƙasashe da yawa babu wani ofishi da yake ƙirga mutanen da kada ya kama, kuma abin da ba a ƙirga ba ba ya shiga kasafin kuɗi, ba a biyan diyya a kansa. Iyalin da suka rasa mai ciyar da su sukan ga cewa doka ta kare dabbar ta bar su, sai su ɗauki fansa a kan kowane kada suka samu, wanda sau da yawa ba shi ne mai laifin ba, kuma a yammacin Afirka yana iya zama nau'in da ya riga ya yi ƙaranci. Inda aka tattara bayanai sosai, a kudancin Afirka misali, an ga cewa hare-haren suna taruwa ne a watannin zafi da damina, kuma yara maza masu wanka da iyo, da masunta, da mata masu wanki da ɗibar ruwa su ne suka fi shiga ciki. Waɗannan su ne mutanen da Livingstone ya gani a Sesheke, suna yin ayyukan da suke yi a lokacin, kuma matakan da ƙungiyoyin kare namun daji suke ba da shawara a kai yanzu su ne rijiyar burtsatse nesa da gaɓa, da gada a mashigin da ake yawan bi, da shingen ƙarfe ko na itace a wurin wanki da ɗibar ruwa.